Yadda zaka yi sayayyar tsaraba a kasuwar dare in ka yi tafiya, ba tare da ka kwaso tarkace ba

Wani mayafi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Na saye shi a kasuwar dare ta Chiang Mai, can arewacin Tailan, wajen ƙarfe tara, ƙarƙashin wani ƙwan lantarki mai hasken rawaya da aka rataya da igiya a saman rumfa. A idona ja ne mai duhu, irin kalar da Umma take so, na shafa na ji santsi, na biya na wuce. Da gari ya waye na buɗe ledar a bakin taga sai na ga ashe ruwan goro ne, ga kuma wani zare da ya zame tun daga tsakiya har gefe. Na kai mata a haka, ta karɓa ta yi ta sa albarka, amma ni a raina na san ba shi na yi niyyar kawo mata ba, kuma abin ya daɗe yana damuna. Mai rumfar bata yi min ƙarya kan kala ba, fitila ce ta canza ta, ni kuma ban tsaya na duba ba.

Kasuwar dare wuri ne mai daɗi wallahi, ni dai duk garin da na sauka ita nake fara tambaya. Amma komai na cikinta, hasken, kiɗan, ƙamshin soye-soye, cinkoson jama'a, ga gajiyar yawon da ka yi tun safe, duk suna tura ka ne ka yanke shawara da sauri. Don haka duk abin da zan faɗa a nan dabarun rage sauri ne, yadda zaka fito da abin da ya dace da mutanen da ka saya wa.

Tun kana masauki aikin yake farawa

Ka ɗauki wayarka ka rubuta sunayen waɗanda zaka yi wa tsaraba. Kar ka ce zaka riƙe a ka, ba zaka riƙe ba, a tsakiyar kasuwa zaka tuna da mutum uku ka manta da bakwai. Kuma kar ka tsaya a suna kawai, a gaban kowane suna ka rubuta abu ɗaya da ka sani game da mutumin. Wance tana son girki, wane ba ya rabuwa da shayi, yaron yaya yana son zane-zane, gwaggo tana yawan jin sanyi. Wannan ɗan bayanin shi ne zai raba ka da sayen abu iri ɗaya guda goma sha biyar ka raba wa kowa. Sannan ka kasa su gida biyu: waɗanda zaka tsaya ka zaɓa musu abu na musamman, mutum uku zuwa biyar sun isa, da kuma sauran da ƙaramin abu mai kyau zai wadatar, abokan aiki da maƙwabta da yara. Kuɗinka da lokacinka yawanci kan rukunin farko ya kamata su tafi.

In da tufafi a lissafin, ka nemi awo da santimita tun kafin ka fita, faɗin kafaɗa da tsawo. Lambar da ke jikin riga ba abin dogaro ba ce, abin da aka rubuta wa XL a kasuwannin gabashin Asiya sau da yawa bai wuce M na wasu wuraren ba, kuma galibi babu ɗakin gwaji, babu dawo da kaya.

Sai maganar nauyi, wadda mutane ke mantawa sai sun je gaban sikeli a filin jirgi. Yawancin kamfanonin jirgi kilo 23 suke ba akwati ɗaya, jakar hannu kuma da yawa kilo 7, wasu ƙananan jirage masu araha ma sai ka biya kafin ka saka akwati kwata-kwata. Ka duba tikitinka, ka ɗaga akwatinka ka ga nawa ya rage maka. In kilo huɗu ya rage, to ka shiga kasuwa da sanin kilo huɗu gare ka.

Wace kasuwa, wace rana

Ba duk kasuwar dare ce ta tsaraba ba fa. Shilin da Raohe na birnin Taipei a Taiwan sun fi ƙarfi a abinci da wasanni da ƙananan kayan sawa, zaka ci ka ƙoshi amma kayan hannu kaɗan ne. Temple Street ta Hong Kong kayan koli ne, riguna, agogo, kayan waya, ƴan kayan ado. Ta Luang Prabang a Laos, wadda ake shimfiɗawa a kan titin Sisavangvong, ita kam saƙa da ɗinkin hannu ne ƙarfinta, kuma da wuri take tashi, wajen goma an fara naɗe kaya. A Marrakesh ta Maroko dandalin Jemaa el-Fna, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya tun 2001, da dare yake cika, amma ainihin kayan fata da fitilu da kayan ƙamshi suna cikin lungunan da ke bayansa.

Rana ma tana da muhimmanci. Jonker Street ta Melaka a Malesiya daren Juma'a da Asabar da Lahadi kawai take ci. A Chiang Mai akwai ta kullum a titin Chang Khlan, amma ta Lahadi da ke farawa daga ƙofar Tha Phae ta fi ta kayan hannu nesa ba kusa ba, ta Asabar kuma a titin Wua Lai take, unguwar maƙeran azurfa. A Malesiya akwai abin da suke kira pasar malam, wadda ke zagayawa, yau wannan unguwa gobe waccan. Ka tambayi ma'aikacin masaukinka, ka ce masa ina shi da kansa yake zuwa in zai sayi kyauta, amsar takan bambanta da wadda zai ba ka in ka ce ina baƙi ke zuwa.

Shawarar da na fi so ka riƙe a duk rubutun nan: kar ka bar sayayya sai daren ƙarshe. Mai daren ƙarshe ba shi da zaɓi, kuma ƴan kasuwa suna gane shi daga yadda yake waige-waige. In da hali ka je sau biyu, zuwan farko kallo da jin farashi, na biyu saye, kuma na biyun ya zama akwai saura kwana ɗaya a gaba, saboda in ka ga matsala da safe kana da damar komawa. Lokaci kuma, ka isa da wuri, daidai faɗuwar rana, ana cikin baje kaya. Akwai sauran hasken sama da zaka ga kala ta gaskiya, ba a cika ba, mai kaya bai gaji ba. A Tailan da Laos ma zaka ga mai rumfa ta karɓi kuɗin cinikin farko tana ɗan bubbuga su a kan kayanta don neman sa'ar daren, kuma saboda son a buɗe kasuwa sukan sassauta wa na farko.

Kuɗi

Ka tafi da tsabar kuɗin ƙasar, ƙananan takardu. In ka gama ciniki da ƙyar sannan ka zaro babbar takarda, ko dai a ce babu canji, ko a cika maka da wani abu da baka so. Ka raba kuɗin gida biyu ko uku, na ciniki a aljihun gaba, sauran a wani wurin da ba zaka buɗe a gaban mutane ba. Canji kuma ka yi shi da rana a wurin da aka sani, ba a bakin kasuwa ba.

Wurare da yawa yanzu da waya ake biya, a Sin WeChat Pay da Alipay, a Tailan PromptPay, amma ba lallai baƙo ya iya amfani da su ba sai ya shirya tun kafin, don haka kar ka dogara da su. In kuma wani shago ya karɓi kati, na'urar ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasarku ko na ƙasar da kake ciki, ka zaɓi na ƙasar da kake ciki, ɗayan canjinsa ya fi tsada kusan kullum.

Abu na ƙarshe, ka haddace lissafi mai sauƙi a kanka, ɗari na kuɗinsu nawa ne a naka. Kuɗin da baka saba da shi ba ba ya zafi a hannu, sai ka koma masauki ka zauna lissafi kake gane abin da ka kashe.

Zagayen farko hannu a aljihu

Ka shiga ta wannan bakin ka fita ta wancan ba tare da ka sayi komai ba, sai dai ruwa. Na san da wuya, amma zagayen nan shi ke koya maka kasuwar. Zaka lura rumfunan bakin ƙofa sun fi tsada, saboda su ke kama wanda ya shigo da zumuɗi. Zaka lura kuma akwai kayan da ke maimaituwa, wando iri ɗaya, maganaɗisun firij iri ɗaya, jaka iri ɗaya a rumfa ashirin. Duk abin da ka gani a rumfa ashirin daga masana'anta ya fito, da yawansu ma daga babbar kasuwar sari ta Yiwu da ke ƙasar Sin ake kwaso su a buga musu sunan gari daban-daban. Ba laifi ba ne ka saya, yara suna son su, amma ka san abin da kake saye, kar ka biya kuɗin aikin hannu a kai. Wanda ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa.

Abin da kake nema shi ne rumfar da ta fita daban. Wadda mai ita ke zaune yana aikin a gabanka, tsohuwa da allura a hannu, saurayi yana sassaƙa ko yana zane, ko wadda kayanta ba su da yawa kuma babu biyu da suka zama iri ɗaya sak. In ka ga irin wannan ka ɗauki hoton wurin tare da wata alama, sunan shagon da ke bayanta ko wata fitila, domin rumfunan dare kama suke da juna, na sha neman wadda na gani minti talatin da suka wuce na rasa. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kaya ko na mutum, wasu basa so.

A wannan zagayen ka tambayi kuɗin abu ɗaya a wuri uku ko huɗu, ka ce na gode ka wuce. Ka kuma kasa kunne in ɗan gari na saye kusa da kai, ka ga takardar da ya miƙa.

Duba kaya, a nan ake cin riba ko a tafka asara

Fitilar wayarka ita ce babbar abokiyarka. Duk abin da zaka saya ka haska shi da farin haske, ko ka nemi izini ka matsa da shi inda haske ya fi kyau. Ka juya shi ta baya, domin ta baya ake gane aiki.

Yadi da mayafi: ka buɗe shi gaba ɗaya, kar ka yarda da ganin ninki. Ka ɗaga shi saitin haske ka ga ko akwai zaren da ya zame ko rami. Saƙar hannu tana da ɗan rashin daidaito, gefenta ba ya miƙewa kamar an ja da rula, kuma zanen yana fitowa ta baya, wanda aka buga da inji kuwa bayansa fari-fari ne. Siliki na gaske in ka murza shi yana ɗaukar ɗumi, sheƙinsa na canzawa in ka juya shi, na roba kuma sheƙi ɗaya ne farau ko ta ina. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ƙona zare ɗaya daga gefe, siliki yana warin ƙonannen gashi ya zama toka mai murmushewa, na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Mai kayan gaske sau da yawa shi da kansa zai ciro ashana. Sannan ka ɗan jiƙa farin tishu ka goga a gefe, in kala ta fito to ka san zai zuba a wanki, sai ka gaya wa wadda zaka ba ta wanke shi shi kaɗai.

Azurfa: ka nemi tambarin 925, ma'ana kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce. Amma tambari kowa na iya bugawa, don haka ka haɗa da maganaɗisu, ko na firij ɗin da ke rumfar gaba ya isa, azurfa bata kama shi. Rashin kamawar ba hujja ce cikakkiya ba tunda tagulla ma bata kamawa, amma in ya kama magana ta ƙare. Zinare da duwatsu masu daraja kuwa, gaskiya kar ka saye su a kasuwar dare ko da an rantse maka. A Bankok, babban birnin Tailan, an daɗe da sanin damfarar da wani zai tare ka da fara'a ya ce yau akwai rangwamen gwamnati a wani shagon duwatsu, ya sa mai tuk-tuk, wato keke napep ɗinsu, ya kai ka. Duk wanda ya ce zai raka ka shagon ɗan'uwansa, la'adarsa a cikin kuɗinka take.

Fata: ka shinshina, ka danna da yatsa ka ga ta yi ƴan tamoji, ka dubi bakin yanka, ta gaske tana da zare-zare, ta roba kuma zaka ga kamar yadi aka manna a baya. In tana wari mai ƙarfi sosai jimar bata yi ba, kuma warin ba lallai ya tafi ba, zai kama duk kayan akwatinka. Zip ka ja shi sau uku, hannun jaka ka ja shi da ɗan ƙarfi.

Tangaran da kofuna: ka ɗan ƙwanƙwasa da farce. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ka ji ƙwas kawai. Ka bi bakin da yatsa, ka ajiye shi a tebur ka ga ko yana rawa. Masu fenti mai yawa a ciki da baka san da me aka yi su ba, gara a ajiye su ado, kar a ci abinci a ciki.

Kayan ƙamshi da shayi: wanda ba a niƙa ba ya fi, don garin ana iya haɗa shi da komai. Za'afaran na gaske in ka jefa zare biyu a ruwa a hankali yake sakin rawaya kuma zaren ya zauna da jansa, jabu nan take zai rina ruwan ya koma fari. A Masar takardar papirus, wadda ake yi da wata ciyawar ruwa, ta gaske zaka ga zarenta a gicciye kuma tana lanƙwasuwa ba tare da ta karye ba, ta ganyen ayaba kuwa tsagewa take. Kayan zaƙi na kwali ka duba ranar lalacewa, ka kuma sa manhajar fassara ta karanta maka abin da aka haɗa, musamman in wanda zaka kai wa yana da abin da ba ya ci.

Kayan lantarki ni ban ba da shawara ba. In ka nace, a gwada a gabanka, ka duba ƙarfin wutar da yake ɗauka, Taiwan volt 110 suke amfani da shi, Japan 100, wurare da yawa kuma 220 zuwa 240, in baka duba ba zaka jona ya ƙone. Araha bata ado.

Yanzu sai ciniki

Da farko ka gane ko wurin ana tayi. In an rubuta farashi a kwali, ko abinci ne, galibi ba a yi, a Taiwan ma yawancin kaya haka suke, iyaka ka nemi ɗan ragi in ka ɗauki da yawa. A Marrakesh ko Temple Street kuwa ana jiran tayinka, wanda bai taya ba shi ya so.

Ka yi gaisuwa tukuna. Ka koyi kalma uku da yarensu, sannu, nawa, na gode, ko da baka faɗe su daidai ba zaka ga fuska ta sake. Kar ka rungume abu ido na ƙyalli sannan ka tambayi kuɗi, ka duba biyu uku, wanda kake so ya shigo a tsakiya. Ka bar shi ya fara faɗa. Yawanci zai danna lamba a kalkuleta ya miƙo maka, kai ma ka danna taka, kuma wannan hanyar ta fi baki domin babu rikicin sha biyar da hamsin da ke kama da juna a Turanci. Ka tabbatar da kuɗin wace ƙasa ake magana, kuma na guda ɗaya ne ko na duka.

Mutane na yawan cewa ka taya rabi. Ni ban yarda da doka ɗaya ba, wani wurin ninki uku aka ɗora, wani wurin ɗan kaɗan ne, abin da ka ji a zagayen farko shi zai gaya maka. Kafin ka buɗe baki ka yanke a ranka iyakar abin da zaka biya, ka fara daga ƙasa da shi, ka riƙa hawa kaɗan-kaɗan, shi yana sauka. In ya ce 500 kai kuma 300 ne a ranka, ka fara da 200, ka je 250, ka tsaya a 300 ɗin. In ya ƙi, ka yi murmushi ka gode masa ka juya a hankali. In akwai riba zai kira ka, in bai kira ba ka san ka yi ƙasa da yawa, sai ka gyara a rumfar gaba ko ka dawo, babu kunya a dawowa.

Hanyar da ta fi kawo ragi ba tare da ja-in-ja ba ita ce haɗa kaya. Ka fara jin kuɗin ɗaya, ku daidaita, sannan ka ce in na ɗauki biyar fa. Tsarabar rukuni na biyu duk a rumfa ɗaya zaka gama ta haka. In ya kafe kan kuɗi ka nemi gyara, ɗan ƙaramin abu a kai, da yawa sun fi son su ƙara kaya da su rage kuɗi.

Abu biyu nake roƙo. In ka taya aka sallama, ka saya, fasawa bayan an sallama cin fuska ne a ko'ina. Na biyu, ka bambanta mai sarin kayan masana'anta da wadda ta yi abin da hannunta. A Luang Prabang na tsuguna gaban wata dattijuwa, tabarau ɗaure da zare a kunnenta, tana ɗinka wani murfin matashi da ƙananan ɗinki jere-jere kamar tururuwa, jikarta na barci a kan tarin kaya a bayanta. Na tambaye ta da hannu kwana nawa yake ɗauka, ta ɗaga yatsu duka goma, ta sake ɗaga biyar. Irin wannan ba wurin matsa ciniki ba ne, ɗan abin da zaka rage kai ba zaka ji shi ba, ita kuwa zata ji. Na biya yadda ta faɗa, kuma har yau shi ne abin da yayata ta fi so a duk abin da na taɓa kawo mata.

Kuma ka tabbatar wanda ka duba shi aka saka maka a leda. Wani lokacin zaka duba na nuni a ɗauko maka wani daga ƙarƙashin tebur a naɗe, to ka buɗe shi ma ka duba. Ka ƙirga canjinka a wurin.

Abin da ba zaka taɓa ba ko da kyauta ne

Wannan sashen ka karanta shi da kyau, domin a nan tsaraba ke iya kai mutum ofishin kwastam. Akwai yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a 1973 ta fara aiki a 1975, wadda ke tsare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, kuma kusan duk ƙasashen duniya na ciki. Hauren giwa an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1990. Haka ƙoƙon kunkurun teku da ake yin matsefi da awarwaro da shi, haƙora da faratan namun daji, da mayafin shahtush da ake yi da gashin wata barewar Tibet. Murjani da fatar kada ko ta mesa da yawansu sai da takarda. Mai kaya zai ce maka ba matsala, amma ba shi zai tsaya gaban jami'i ba. Masu son turaren itacen oud su ma su sani yana cikin jerin, abin da aka yarda mutum ya ɗauka don kansa ba tare da takarda ba shi ne har kilo 1 na itacen, mililita 24 na mansa, da carbi biyu, wasu ƙasashen ma sun fi haka tsanani.

Kayan tarihi ma haka. Masar ta haramta cinikinsu da dokar 1983, Turkiyya kuma tana kama baƙi kan tsohon kuɗin ƙarfe ko ɗan dutsen da aka tsinta a kufai. A Tailan fitar da mutum-mutumin Buddha sai da izinin hukuma. In aka ce maka abu tsoho ne na ɗaruruwan shekaru, ko ƙarya ce ka yi asara, ko gaskiya ce ka shiga matsala.

Jabun jaka da agogo masu sunan manyan kamfanoni, in zaka bi ta Faransa ko Italiya ana iya ƙwacewa har a ci tara. Ƴaƴan itace, iri, nama, da itacen da ba a gyara ba, ƙasashe irin Ostireliya da New Zealand basa wasa da su, in kana da shakka ka bayyana a takardar shiga. Wuƙaƙen ado da abin da ya yi kama da bindiga, ko na wasan yara ne, ka bar su.

Tsaro kuwa a taƙaice: jakar goyo ta dawo gaba, waya kar ta zauna a aljihun baya, fasfo ya zauna a masauki in dokar ƙasar ta yarda ka yi yawo da kwafi. Dare rigar mugu ne, ƴan sane sun fi aiki inda aka taru kallon wasa ko inda hanya ta matse. Ka tafi da jaka ɗaya mai ninkuwa ka zuba komai ciki, leda takwas a hannu sai ɗaya ta ɓata. In da abokin tafiya ku sa wurin haɗuwa, kuma ka san yadda zaka koma kafin jirgin ƙasa ya tashi aiki.

Bayan ka koma masauki

Kar ka kwanta sai ka baje komai a kan gado ka bi jerin sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Ka rubuta suna a ƴar takarda ka saka a jikin kowane abu, ka ɓalle tambarin farashi. Ka ajiye ƙananan abu biyu ko uku babu suna, saboda dole akwai wanda zai faɗo maka a rai sai kana cikin jirgi. Da safe ka sake duba su a hasken rana, shi ya sa na ce ka bar kwana ɗaya a gaba.

Wajen shiryawa, abin fashewa ka cusa masa safa a ciki, ka naɗe shi da riga, ya zauna a tsakiyar akwati ba gefe ba, faranti a tsaye ake jera su ba a kwance ba. Duk wani mai ruwa, turare, mai, zuma, in ya wuce mililita 100 ba zai wuce a jakar hannu ba a yawancin filayen jirgi, dokar tana nan tun 2006, don haka ka ɗaure bakin da salatif, ka saka a leda biyu, ya tafi babban akwati. Batirin cajin waya kuwa akasin haka ne, a jakar hannu kawai ake yarda da shi. Kayan ƙamshi ka rufe su ruf su kaɗai, in ba haka ba mayafin da ka saya zai isa yana ƙamshin kanumfari. Rasit in ka samu ka haɗa su wuri ɗaya a jakar hannu, ko da na rubutun biro ne, tare da abu ɗaya ko biyu da ka san in akwati ya ɓata zasu fi yi maka ciwo. Kuɗin ƙarfen da suka rage masu canji basa karɓa, ka kashe su kafin ka tashi. Sannan ka nemi sikeli a wurin masu masauki ka auna akwatin tun da dare, in ya haura ka fitar da takalmi mai nauyi da rigar sanyi ka saka a jikinka gobe.